Wa Ya Ƙara Wa Hoton Haske?

Shafi na 19

Na Hadiyya Maman Yazid

Kafin mu shiga, ina da magana da masu zagin Hasana a ƙarƙashin shafin jiya. Wata har da cewa wai ita ta jawo wa kanta. Haba baiwar Allah! Ke miji ya mutu ya bar wa 'ya'ya biyu? Ke aka aurar wa 'yar fari kina cikin takaba, aka kai bikin gidan yayar mijinki, aka ce ko leƙe kada ki yi? Ku dinga tauna magana kafin ku furzar, don Allah. Raina a ɓace na rubuta shafin nan, za ku gani.

*

Mai Napep bai gama tsayawa ba Siddiƙa ta diro. Ta faɗa shagon wankin hoto na Ikrima da ke bakin hanyar tasha, sallamar ma a ciki-ciki ta yi ta.

Ikrima ɗan kawunta ne, abokin wasanta. Shi yake wanke mata hotuna tun da ta fara sana'ar nan shekara tara da suka wuce. Yana ganinta ya washe baki.

"A'a, mai kyamarar matan Daura! Yau kuma da wa aka yi?"

"Rufe mini baki."

Ta dangwara masa waya a gaban hanci.

"Mene ne wannan?"

Ya duba. Hoton amarya Khairunnisa ne ranar kamu, tana zaune a tsakar gidan Gwaggo Shatu, yayar babanta, rana ta haske ta, lalle ya zauna raɗau. A bayanta akwai ƙofar ɗakin ajiyar hatsi. A cikin ƙofar kuwa ga mace tsaye da tsohon zane, ba kwalli ba ɗankunne, ta toshe baki da hannu tana kuka. Kowa ya gan ta ya san ta. Hasana ce, uwar amarya, wadda ranar kwananta sittin da uku da shiga takabar Malam Kabo.

Ikrima ya ja da baya.

"Ai hotonki ne. Ke kika ɗauka."

"Ni na ɗauki wannan? Ikrima, kalle ni da kyau. Ni na ɗauki wannan?"

"To wa ya ɗauka? Aljani?"

"Wallahi ka sake yi mini wasa sai na kifar da kwamfutar nan!"

Ya daina wasa, don ya san halinta.

Ku bari in tuna muku. Tun da malamai suka hana maza shiga taron mata da kyamara, Siddiƙa ake kira. Mata suna cire mayafi a gabanta ba sa ko ɗar, saboda sun san abin da aka ce kada ya fita ba ya fita. Ranar kamun nan ta ɗaga kyamara ke nan ta hango Hasana a cikin duhun ɗakin ajiya. Suka haɗa ido. Hasana ta girgiza mata kai, roƙo kawai take yi. Siddiƙa ta kashe filasha, ta rage hasken kyamara da hannunta, ta ɗauka, ta duba. Amarya ta fito tas, ƙofar kuwa baƙi ƙirin. Washegari Siddiƙa ta kira Hasana a waya ta ce, "Anti Hasana, kwantar da hankalinki. Na rufe ki da duhu, ba mai ganinki."

Yau ga alkawarin nan a cikin albam, a hannun Gwaggo Shatu.

"Ka san abin da ake ciki kuwa?" in ji Siddiƙa. "Da hantsin nan amarya ta kira ni tana ihu. Gwaggo Shatu ta ɗauki albam ta kai wa Alhaji Mainasara. Ta ce matar ƙaninsu ta karya takaba ta je biki, macen da ba ta riƙe mutuncin gawa ba ba za ta riƙe marainiya ba. An haɗa wa Madina kayanta a jaka, Ikrima! Yarinya 'yar shekara bakwai. Yau za a ɗauke ta daga hannun uwarta a ba Gwaggo riƙo."

"Innalillahi. Ni ban san..."

"Buɗe mini ɗanyen hoton."

"Siddiƙa, ki tsaya mana..."

"Na ce ka buɗe!"

Ya matsa gefe. Ta ja kujerar ta zauna da kanta, ta buɗe manhajar gyaran hoto, ta nemo hotunan bikin. Guda ɗari huɗu da goma sha biyu. Tana gangarawa ranta yana ƙara ɓaci. Amaryar da Allah ya yi wa baƙi mai sheƙi an mayar da ita toka-toka kamar ta yi wanka da garin rogo. Farin leshin ƙawaye ya ƙone, ko zanen jikinsa ba a gani.

Ta kai kan hoton. Ta danna wajen da ake mayar da hoto yadda kyamara ta ɗauko shi.

Nan take Hasana ta ɓace. Ƙofa ta koma baƙa.

"Ga abin da na ɗauka. Ka gani da idonka?"

"Na gani."

Ta sake dannawa. Hasana ta dawo tana kuka.

"Ga kuma abin da ka wanke. To wa ya kunna oto?"

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, ɗanyen hoto shi ne wanda kyamara ta ajiye ba a taɓa shi ba. Ba ta zubar da komai. Abin da ke cikin duhu yana nan kwance, ido ne kawai ba ya gani, sai in an ja haske sama. Oto kuwa wani ɗan akwati ne a cikin manhajar. In ka sa masa alama, ita za ta dinga auna maka haske da kanta, duk inda ta ga duhu ta ce kuskure ne ta haske shi. Ba ta san amana ba, ba ta san takaba ba, lissafi kawai ta sani.

Ikrima ya sosa ƙeya.

"Ai kin san an sabunta manhajar satin nan. Wataƙila ita ta mayar da alamar da kanta. Suna yin haka."

"Allah ko?"

"Wallahi suna..."

"Kada ka rantse! Kada ka kuskura ka rantse, kana da 'ya'ya."

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Shekara nawa da na cire alamar nan da hannuna? Tun ranar da ta mayar mini da amaryar Zango kamar fatalwa, uwar miji ta ce ba ita suka auro ba. Na ce maka kada wanda ya sake taɓa akwatin nan. In hoto yana son haske, ni zan ja masa, ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

"Kin faɗa."

"Yaushe aka sabunta manhajar?"

"Litinin."

"Madalla. Hotunan sunan gidan Mati fa, yaushe ka zuba su?"

Ya kau da kai.

"Talata ka zuba su. Ga su nan." Ta buɗe. "Ka ga an taɓa haskensu? Ko ɗaya. To manhajar ta tsallake na gidan Mati, ta jira har Alhamis, ta zaɓi bikin marainiya? Ita ma dangin ango ce?"

Ta danna gefen allo inda manhajar take jera duk abin da aka yi wa hoto.

"Karanta. Alhamis, sha ɗaya da minti arba'in, an zaɓi duka, an danna oto. Hannu ne ya yi wannan, Ikrima. Ni ranar ina Kongolam wajen wani biki, na bar maka memori na ce ka wanke yadda suke. Hannun wa?"

Gumi ya karyo masa duk da fankar da ke kansa.

"Nawa ne."

"Don me?"

"Ni fa ban san da mutum a ƙofar ba. Ko duba su ban yi ɗaya-ɗaya ba, sun yi yawa."

"Tambayarka na yi don me!"

Ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo Shatu ce ta zo."

Siddiƙa ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Ta zo nan ranar Alhamis, ta ce a nuna mata kafin a wanke. Tana gani ta ce sun yi duhu, wai za a ce gidanta kurkuku ne. Ta ce a haska su duka. Na ce mata kin hana. Ta ce ita ce uwar biki, ba ke ba. Sai ta sa na tsaya a kan wannan, ta nuna ƙofar da yatsa, ta ce musamman nan wajen. Na danna, ta duba, ta ce yauwa, haka take so. Na ɗauka tsabtar gidanta take son a gani."

"Tsabtar gida! Kai Ikrima, Allah ya ba ka kai amma hula kawai kake ɗorawa. Tsohuwa ta nuna maka baƙin wuri ta ce nan, ba ka tambayi kanka me ta ajiye a wurin ba?"

Ta miƙe, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa. 

Kowa a dangin nan ya san Gwaggo Shatu ta daɗe tana son a ba ta Madina. Sau uku tana tambayar Malam Kabo yana raye, sau uku yana ce mata 'yarsa a gaban uwarta za ta tashi. Amma ta yaya ta san akwai mutum a cikin duhun? Ƙofar bayan ɗakin ajiyar nan, wadda ke fita lungu, kullum da kwaɗo take. Kuma an tambayi Hasana har an gaji wa ya buɗe mata, ta ce ta yi rantsuwa ba za ta faɗa ba.

Siddiƙa ta ƙura wa allo ido. Can sama da kafaɗar Hasana akwai wani ɗan ɗigo yana ƙyalli, bai fi ƙwayar gero ba. Ta ɗauka kan ƙusa ne a jikin bango.

Sai ga ƙarar mota ta tsaya a ƙofar shago.

Ikrima ya leƙa, ya dawo da sauri.

"Alhaji ne. Da Gwaggo."

Alhaji Mainasara ƙanin Gwaggo Shatu ne, yayan marigayi Malam Kabo, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua. Shi ne babban gida yanzu, abin da ya yanke shi ke nan. Ya shigo da albam a hammata da makullin mota a hannu, fuska ba annuri. Gwaggo Shatu tana biye da shi tana gyara gyale.

Siddiƙa ta rusuna ta gaishe su. Ikrima ya ba Alhaji kujera. Kafin ya ja baya ya raɗa mata a kunne:

"Nuna masa mai duhun. Ki ce kwamfuta ce ta haɗa hoto biyu. Bai san komai a kai ba, zai yarda."

Ba ta ko kalle shi ba.

Alhaji ya buɗe albam a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan Hasana.

"Siddiƙa, ke kika ɗauki hotunan nan?"

"Ni ce, Baba Alhaji."

"Ni ba na yanke hukunci a kan takarda. Ko sa zan saya sai na buɗe bakinsa na ga haƙori. Yaran yanzu suna cewa ana iya ɗauko kan mutum a liƙa a inda bai je ba. Shi ya sa na ce sai na ji daga bakinki kafin in ɗauki yarinyar nan. Jakarta tana cikin mota. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, Hasana ta zo gidan bikin nan ko ba ta zo ba?"

"Wai meye na tambaya, Mainasara?" Gwaggo ta cafe. "Ga abu ƙuru-ƙuru. Ni ina can wajen tukwane ina fama da hayaƙi, ashe matar nan ta haura mini gida. Kabo bai yi wata uku a ƙasa ba! Ni ko sanin shigowarta ban yi ba sai da na ga hoto, na ce innalillahi."

"Yaya, bari ta amsa."

Duk suka zuba wa Siddiƙa ido.

Dannawa ɗaya ce tsakaninta da ƙarya. Hoton mai duhu yana nan. Ta nuna masa ta ce ga asali, babu kowa, Madina ta kwana a ɗakin uwarta. Amma mutumin nan ya haɗa ta da Allah. In kuma ta ce eh, ta yanka Hasana da bakinta, matar da ta ce wa ta kwantar da hankali.

Ta ɗago ta kalli Gwaggo.

Gwaggo ta ga yarinya ta rasa mafita, sai ta yi murmushi. Haƙorinta na Makka ya ƙyalla a gefen baki.

Siddiƙa ta kalli haƙorin. Ta juya ta kalli ɗigon da ke saman kafaɗar Hasana. Ta sake kallon haƙorin.

La'ilaha illallahu!

"Baba Alhaji, ta zo."

Ikrima ya dafe kai.

"Ka ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu. "Tashi mu tafi, rana tana yi."

"Ta zo," Siddiƙa ta maimaita. "Ta tsaya a cikin ɗakin hatsi, ba ta taka tsakar gida ba, ba ta yi kwalliya ba, ba ta ci abincin biki ba. 'Yarta ta kalla ta yi kuka. Ni na gan ta, ni na rage haske da gangan don in rufa mata asiri, kuma ko gobe aka sake zan sake. In laifi ne ku haɗa da ni."

"Ji mini fitsararriya! Da wa kike..."

"Gwaggo, ba ki san ta shigo ba, ko?"

"Na rantse miki ne?"

"Amma ranar Alhamis kin zo shagon nan kin nuna wa Ikrima baƙar ƙofa kin ce ya haska nan. Me kike nema a wurin da ba ki san da kowa ba?"

Alhaji ya juya a hankali.

"Kin zo nan, Yaya?"

"To don na zo duba hotunan bikin gidana sai ya zama zunubi? Duhu na gani na ce a gyara. Na'ura ce ta fito da ita, ba ni ba. Na'ura ba ta ƙarya!"

"Gaskiyarki," in ji Siddiƙa. "Ba ta ƙarya. Sai dai rowa gare ta."

Ta ja kujerarta kusa da kwamfuta.

"Baba Alhaji, matso ka gani. Ka ga wannan layin mai ɗan maɓalli a tsakiya? Shi ne ma'aunin haske. In na ja hagu duhu, in na ja dama haske. Ni a nan na bar shi." Ta mayar da shi tsakiya, ƙofa ta yi baƙi. "Da aka kunna oto, sai ita manhajar ta auna da kanta ta kawo shi nan." Ta matsa kaɗan, Hasana ta bayyana. "A nan ta tsaya, don a lissafinta hoto ya yi daidai. Da ita da wanda ya sa ta aiki duk sun ɗauka iyakar abin da ke ciki ke nan. Amma dubi layin, Baba. Ko rabin ɓangaren dama ba a ci ba."

Gwaggo ta daina murmushi.

"Mainasara, tashi mu tafi. Ba zan tsaya 'yar cikina tana yi mini wasan yara ba."

"Zauna, Yaya."

"Na ce..."

"Na ce ki zauna."

Siddiƙa ta cire alamar da ke cikin akwatin oto, ta kama maɓallin da kanta.

"Haske aka ce ana so, ko? An ce hotona ya yi duhu. To bismillah."

Ta fara ja.

Amarya ta fara ƙonewa, fuskarta ta yi fari fat har ta ɓace. Tsakar gida ta ɓace. Ba wanda ya kula, duk ido yana kan ƙofa. Buhunan gero suka fito a bayan Hasana. Hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa, amma ana gane komai.

Ta ƙara ja.

Wani hannu ya fito a kan kafaɗar Hasana, yana tura ta gaba, wajen bakin ƙofa inda za a gan ta.

"Kashe abin nan!" Gwaggo ta yi tsawa. "Ikrima, cire wayar wutar!"

Ikrima bai motsa ba. Karo na farko a ranar da ya yi abin kirki.

Siddiƙa ta ja maɓallin har ya daki ƙarshen layi.

Ga gyale mai ruwan goro, wanda uwar biki ta yafa ranar kamu, yana nan a shafi na biyu na albam ɗin da ke gaban Alhaji. Ga ɗayan hannun riƙe da buɗaɗɗen kwaɗo, makulli yana lilo a jikinsa. Ga fuska a saman kafaɗar mai takaba, baki a buɗe ana dariya, ɗigon nan ya zauna daidai inda haƙorin Makka yake.

Alhaji Mainasara ya ciro tabarau daga aljihu ya sa. Ya daɗe yana kallo. Ya kalli allo, ya kalli yayarsa, ya sake kallon allo. Sannan ya ajiye makullin motar a kan albam.

"Yaya," ya ce, muryarsa can ƙasa, "kin ce mini kina wajen tukwane."

Gwaggo Shatu ta buɗe baki, ta tuna da haƙorin, ta yi maza ta rufe shi da gefen gyale.

Siddiƙa ba ta ɗauke hannu daga kan ma'aunin ba.

"Gwaggo, hasken ya ishe ki haka, ko in buɗe hoto na gaba?"